Murya Bayan Mai Ita: Yadda Ake Tuna Musa Ɗanƙwairo a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Tsakure

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya rasu a 1991, amma muryarsa ba ta bar kunnuwan mutanen ƙasar Sakkwato ba. Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin da Hausawa ke bi wajen tuna makaɗin baka bayan rasuwarsa. Ta ɗauki Ɗanƙwairo a matsayin misali, ta kuma tsaya a Boɗinga da Shagari saboda matsayinsu a tarihin rubutacciyar waƙa da muhawarar malamai a kan kiɗa. An nuna cewa makaɗi ba ya cikin waɗanda al'adar marsiyya ta saba yi wa hidima, don haka tunawa da shi ta dogara ga rediyo da kaset da waya da magadansa da kuma manazarta. Kowace daga cikin hanyoyin nan tana adana wani sashe nasa, tana zubar da wani.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal, in ya yada zango a tashar mota ko teburin mai shayi, ba abin mamaki ba ne ya ji amon kotso yana tashi daga wayar wani ko rediyon wani. Mai muryar da ke bin kotson ya haura shekara talatin a kabari, kuma da yawa daga cikin masu kaɗa kai ba a haife su ba sa'ad da ya rasu.

Sana'ar makaɗin fada ita ce hana sunan wani mutuwa. Yakan ɗauki basarake ya jingina shi da iyaye da kakanni, ya lissafa yaƙe-yaƙen gidansu da kyautarsu, har mutumin da mulkinsa bai wuce gunduma ɗaya ba ya zama sananne daga Sakkwato zuwa Damagaram. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: shi makaɗin, in ya kwanta dama, wa ke yi masa wannan aiki? Amsar tana da muhimmanci a yanzu, domin waɗanda suka ga Ɗanƙwairo da idonsu a ƙofar fada, suka san mutanen da yake ambata da waɗanda yake yi wa zambo, sun manyanta, kuma kullum raguwa suke yi.

2.0 Mutumin da muryarsa

An haifi Musa a 1909 a ƙasar Bakura. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, wansa Kurna shi ma makaɗi ne, saboda haka kiɗa gado ne a wurinsa, ba haye ba. Ruwayar da ta shahara ta ce akwai wani mai zaƙin murya a ƙungiyar mahaifinsa da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo. Ke nan tun asali da murya aka san shi, kuma ita ta ba shi sunan da ya danne na yanka. Ya daɗe yana amshi a ƙarƙashin mahaifinsa da wansa kafin ya zama jagora. A farkon shekarun 1960 ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi wa waƙar nan da aka fi sani da "Mai Dubun Nasara". Bayan kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu 1966 ya ci gaba da zaga fadoji. Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu da 'Yandoton Tsafe Aliyu duk suna cikin waɗanda ya waƙe.

Abin da ya sa aka ƙaunace shi har a wajen fada ya wuce sunayen da ya ambata. Talakan da bai taɓa taka Daura ba, bai kuma da wata alaƙa da sarautarta, yakan saurari waƙar Sarkin Daura har idonsa ya kawo ruwa. Dalili yana cikin yadda ake rera waƙar. Kotso ganga ce mai baki ɗaya da ake kaɗawa da hannu, amonta ba ya danne magana. A kan wannan amo Ɗanƙwairo yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi tsakiya ya saki, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindin waƙa gaba ɗaya. Wannan karɓeɓeniya tsakanin siririyar muryar jagora da kaurin muryoyin mabiyansa ita ce ke ratsa zuciya, kuma ita ce abu na farko da ke ɓacewa idan aka mayar da waƙar rubutu.

3.0 Gadon Sifawa da Boɗinga

Ba za a fahimci matsayin makaɗi a wannan yanki ba sai an koma shekarun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wato daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga, tafiyar da ba ta kai yini ba. A waɗannan shekaru ne aka yi ɗaya daga cikin muhawarori mafi armashi a tarihin daular, kuma kayan kiɗa na cikin batutuwanta. A Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa kaɗe-kaɗen fadar sarakunan Hausa cikin al'adun da ya soka, ya keɓe ganga idan don wata buƙata ta shari'a ce kamar tara runduna. Amma a Najmul Ikhwan, wanda ya rubuta a 1812, ya sassauta, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, kuma ba a tsananta inkari a kan abin da aka yi saɓani a kansa. Malam Abdullahi a Liya'us Sulɗan, na wannan shekarar dai, ya tsaya a kan ra'ayi mafi tsauri. Veit Erlmann ya tattara nassoshin wannan muhawara a littafinsa na 1986 a kan kiɗa da tajdidi a farkon daular Sakkwato.

A aikace, ra'ayin sassauci ne ya yi rinjaye a fada. Tambura da algaitu da kakaki sun dawo ƙofar sarakuna, har Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya kasance da Sarkin Taushinsa, Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973. A zukata kuwa ra'ayin tsauri bai tafi ko'ina ba. Aka wayi gari makaɗi mutum ne da ake buƙata, ake yi wa kyautar doki da riga da kujerar Makka, amma ba a ɗora shi a sahun da ake ɗora malami. M. G. Smith ya lura da wannan tun a 1957 a nazarinsa na roƙo, inda ya nuna maroƙi yana kusa da masu mulki a zama, yana nesa da su a daraja.

Ita ma marsiyya a nan take da saiwa. Tazyinul Waraƙat, wanda Malam Abdullahi ya kammala a 1813, yana ɗauke da waƙoƙin juyayin malamansa da abokansa da waɗanda suka faɗi a fagen fama. Nana Asma'u (1793–1864) ta ɗaukaka wannan fanni da marsiyyoyin da ta yi wa Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Idan aka duba waɗanda ake yi wa irin wannan waƙa, za a ga malamai ne da shugabanni da salihan bayi, kuma turkenta yabon ilimi ne da tsoron Allah da adalci, sai addu'a. Ma'aunin da aka gada ke nan. Zaƙin murya da gwanintar sarrafa kotso ba su da gurbi a cikinsa, don haka marubucin da ya so yi wa makaɗi marsiyya yakan rasa tubalan da zai yi gini da su, sai dai ya koma ga kyautarsa da zumuncinsa da aikin hajjinsa, wato ya yabe shi da komai ban da abin da ya sa aka san shi.

4.0 Jana'iza, makoki da shiru

Jana'izar makaɗi ba ta bambanta da ta kowane Musulmi ba. Wanka ne da likkafani da salla da binnewa cikin gaggawa, sai zaman makoki, sai sadakar uku ko bakwai ko arba'in a gidajen da ke yin ta. Ba a kaɗa ganga, ba a rera ko ɗa ɗaya daga cikin waƙoƙinsa, kabarin kuma ba a gina shi. Mutumin da ya shekara sittin yana tara jama'a da amo, da shiru ake raka shi.

Idan aka kwatanta da wasu al'ummu, bambancin yakan fito sarai. Mawaƙan sol na baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda salonsu ya tsiro daga waƙoƙin coci, da waƙa ake sallamar su. Da Aretha Franklin ta rasu a watan Agusta 2018, an ajiye gawarta jama'a suka yi kwanaki suna wucewa, jana'izarta a Detroit kuma ta ɗauki sa'o'i ana waƙe-waƙe da jawabai. Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disamba 1967, waƙarsa da aka fitar bayan mutuwarsa ta hau kan jerin waɗanda aka fi saye a 1968. Can akwai kamfanonin faifai da jaridu da gidajen tarihi da ke cin moriyar tunawa, saboda haka suna raya ta. Ko a duniyar Musulmi akwai misalin Ummu Kulsum, wadda jama'ar Alƙahira suka cika tituna a jana'izarta a Fabrairu 1975, daga baya aka buɗe gidan tarihi da sunanta.

A nan gida, garin Shagari ya ba da misalin wanda tsarin tunawa ya yi wa aiki. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, malamin makaranta ne kuma marubucin "Waƙar Nijeriya" kafin ya zama minista a jamhuriya ta farko, zamanin da Ɗanƙwairo ke waƙe Sardauna, sannan shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018, aka binne shi a mahaifarsa. Sunansa na kan babbar makarantar horon malamai ta Sakkwato da tituna a birane da dama, waƙarsa kuma tana cikin littafi da sunansa a bango. Ba a faɗi wannan don rage masa komai ba. Abin lura shi ne marubuci kuma shugaba ya tarar da hanyoyin tunawa a shimfiɗe, makaɗi kuwa sai dai masoyansa su sare masa tasa.

Akwai kuma wani nauyi da ke kan masoyan. A wa'azi da hirar majalisa akan ji ra'ayin cewa duk lokacin da aka saurari kiɗan mamaci ana ƙara masa kaya ne a kabari, kuma a 'yan shekarun nan, idan mawaƙi ko ɗan fim ya rasu, akan ga masu kira a daina yaɗa ayyukansa don a tausaya masa. Mai sauraren Ɗanƙwairo a Boɗinga ya san wannan magana. Shi ya sa sau da yawa za a ji ya ce "Allah ya jiƙan Ɗanƙwairo, Allah ya gafarta masa" sannan ya ƙara sautin rediyon. Addu'ar da sauraren suna tafiya tare, kuma ana iya cewa muhawarar Sifawa da Boɗinga ce take ci gaba a bakin mutumin da bai taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan biyu ba.

5.0 Hanyoyin da suka rage

Rediyo ce ta fara ɗaukar nauyin. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, da Rima Rediyo ta Sakkwato sun naɗi makaɗan fada, sun kuma ci gaba da sanya su a shirye-shiryen gargajiya da ranakun salla da lokutan naɗin sarauta. Kaset ya biyo baya ya fitar da waƙar daga hannun ma'aikatan rediyo ya kai ta kasuwa, inda ake kwafar kwafi daga kwafi har amon kotso ya dusashe. Yau kuma katin memori ne da bulutut da WhatsApp da YouTube. Masu tura waƙoƙi a kasuwannin ƙauye sun zama ma'adana ba tare da sun yi niyya ba.

Ribar wannan hanya a fili take: muryar tana nan, kuma ta fi yaɗuwa fiye da lokacin da mai ita ke raye. Hasararta ita ce waƙar tana yawo tsirara. Babu shekarar da aka naɗe ta, babu wurin, babu sunayen 'yan amshi. Wani lokaci an yanke farkonta ko ƙarshenta don ta shiga gefen kaset, kuma yankakkiyar ce ta zama sananniya. Akan kuma sa sunan Ɗanƙwairo a kan waƙar da ba tasa ba, musamman ta makaɗan da suka yi tarayya da shi a kotso da karin harshe. Makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya, yakan ƙara ɗiya ko ya rage gwargwadon waɗanda ke zaune a wurin. Naɗi ɗaya da ya tsira shi ke zama "waƙar" a wurin na baya, alhali rerawa ɗaya ce daga cikin masu yawa.

Hanya ta biyu ita ce gado. 'Ya'yan Ɗanƙwairo da jikokinsa sun riƙe kotso suna rera waƙoƙinsa a bukukuwan sarauta. Wannan ita ce tunawa irin ta asali, wadda ta girmi na'ura, kuma ita kaɗai ce ke adana ilimin hannu da na numfashi: inda jagora ke saki, inda amshi ke shiga. Sai dai magaji yana cikin tsaka mai wuya. In ya kwaikwayi uban daidai a ce bai kawo sabo ba, in ya sauya a ce ya ɓata, kuma kaset ɗin uban na nan a aljihun kowa ana auna shi da shi. Makaɗan da suka gaji iyayensu kafin zuwan na'ura ba su fuskanci wannan alƙali ba.

Ta uku ita ce jami'a. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, tun Shata na da rai. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya shimfiɗa hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), ya kuma rubuta matanonin waƙoƙi masu yawa a jerin Diwanin Waƙoƙin Baka. Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da Narambaɗa a 2009, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah! a 2006. Darajar waɗannan ayyuka takan bayyana idan aka tuna cewa Ibrahim Narambaɗa, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar waƙar fada, har yau rubuce-rubuce sun saɓa a kan shekarar rasuwarsa, wasu na cewa 1960, wasu 1963. Mutumin da ya dawwamar da sunan Sarkin Gobir na Isa Amadu bai sami wanda ya rubuta ranar mutuwarsa a lokacin da ta faru ba.

6.0 Karin harshe da amanar matani

A nan ne Boɗinga da Shagari suke da abin da za su bai wa manazarci wanda ɗakin karatu ba zai ba shi ba. Ɗanƙwairo da Hausar yamma ya yi waƙa, kuma Zamfarcinsa ɗan'uwan Sakkwatancin da ake yi a waɗannan garuruwa ne. Dattijon Danchadi ko Sifawa ba ya buƙatar sharhi kafin ya gane kalmominsa, don da su yake magana da iyalinsa.

Matsalar takan taso wajen rubutawa. Ɗalibin da ya tashi da daidaitacciyar Hausa, in ya zauna juyar waƙar daga kaset, hannunsa yakan gyara abin da kunnensa ya ji ba tare da ya sani ba. Inda makaɗi ya ce "sunka" sai ya rubuta "suka", inda ya ce "yaz zo" sai ya rubuta "ya zo", "hwaɗa" ta koma "faɗa", "wanga" ta koma "wannan". Ana iya ɗauka wannan ƙaramin abu ne, tunda ma'ana ba ta sauya ba. Amma gaɓar farko ta "sunka" mai nauyi ce, ta "suka" kuwa marar nauyi ce. Haka "yaz" gaɓa ce rufaffiya mai nauyi, "ya" ta wannan muhalli kuwa gajera ce. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, kuma a kansa bugun kotso yake sauka. Wanda ya daidaita karin harshen ya rushe awon waƙar, sannan wani ya zo daga baya ya yi nazarin karinta a kan matanin da makaɗin bai taɓa rerawa ba. Wani kuskuren ma har ma'ana yake taɓawa: "ɗiya" a yamma tana iya nufin 'ya'ya gaba ɗaya, mai Hausar gabas kuwa 'ya mace zai fahimta.

Bayan kalmomi akwai mutane. Waƙar fada cike take da sunayen fadawa da barori da dawaki da garuruwa, ga kuma zambo da habaici waɗanda da gangan ba a ambaci mai su ba. A lokacin da aka rera waƙar kowa a fadar ya san ɗan sarkin da ake nufi da wata dabba ko wata siffa. Wannan sani ba ya cikin kaset, yana cikin kawunan tsofaffin dogarai da sanƙirori da 'yan amshin da suka rage. Ana iya sauraren waƙar bayan shekara ɗari a ji daɗinta, amma rabin abin da ya sa fada ta yi dariya ranar ba zai dawo ba idan waɗannan suka wuce ba a tambaye su ba.

7.0 Na wane ne?

Sa'ad da Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Maradun da Bakura suna cikin Jihar Sakkwato. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, sai mahaifarsa da zuriyarsa suka koma can, wani sashe na naɗe-naɗensa yana Sakkwato, wani yana Kaduna, iyayen gidansa kuma suna warwatse daga Daura zuwa Zariya. Kowace hukumar al'adu tana iya ɗauka cewa adana shi aikin wata ce, tef kuwa ba ya jiran a gama wannan lissafi, zafi da ƙura suna cin sa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba aikin kiɗa kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu, wato waƙoƙin Ɗanƙwairo suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2061. Dokar ta ginu ne a kan tunanin mawallafi sananne da aiki tsayayye. Waƙar kotso kuwa a zaune ake ƙulla ta tsakanin jagora da mabiyansa, wani ya kawo ɗa, wani ya gyara, basaraken da aka yi wa ita yana ganin tasa ce tunda ya biya da doki, gidan rediyon da ya naɗa yana riƙe da tef. Cikin waɗannan duka, 'yan amshi ne ba a cika ambata ba. Muryoyinsu ne rabin abin da ake ji a kowane naɗi, su ne ke ɗauke da gindin waƙar da jama'a suka haddace, amma a kan kaset da katin memori suna ɗaya ake rubutawa.